Injin Gudu a Gidan Takaba

Shekaruna a shagon nan sun yi nisa, gidajen da na shiga kuma ba zan iya tuna rabinsu ba, amma har gobe ba zan manta da ranar da Manaja ya tura ni Wudil in auno ɗaki a gidan wata mai takaba ba. Tunda yau babu ciniki, ruwa ya tsare kowa, bari in ba ku labarin, musamman ku da kuka zo kwanan nan.

A lokacin ban daɗe da samun ƙarin matsayi ba. Na fara ne da tarbar masu shigowa, daga nan aka mayar da ni mai sayarwa, sannan aka ɗora ni a kan abin da muke kira aikin gida-gida. Ga wanda bai sani ba, injin gudu, wanda ake hawa a yi gudu a wuri ɗaya, ba kamar firji ba ne da za a ɗauka a kai a jona a tafi. Kafin a kai shi sai an je an auna ɗakin da zai zauna, an duba wutar gidan, an kuma ga mutumin da zai hau, tsawonsa da nauyinsa da yadda yake jefa ƙafa. Gidaje da yawa a ƙasar nan namiji ba ya wuce zaure, shi ya sa aka ga dole a sa mace a wannan aiki. Ni kaɗai ce mace a shagon a wancan lokaci.

Da safe Manaja, Malam Sabo, ya kira ni ofishinsa.

"Saratu, ke 'yar Wudil ce ko?"

"Dagumawa, ranka ya daɗe. Amma rabona da can tun rasuwar mahaifiyata."

"Duk ɗaya ne, kin dai san hanya. Wani injiniya ne ya kira daga Fatakwal, Injiniya Nura. Mahaifinsa ya rasu, tsohuwar tana takaba, kuma tana da hawan jini, likita ya ce ta riƙa motsa jiki. Ƙaramin nan na tafiya yake so, wanda ake turawa ƙarƙashin gado. Ki je ki duba soket ki dawo, ba wani aiki ba ne."

Kun san injinan da muke sayarwa kashi uku ne. Akwai na tafiya, siriri, bel ɗinsa gajere, motonsa ƙarami, an yi shi ne don mai taku a hankali. Akwai matsakaici, wanda yake ɗaukar sassarfa. Sai babba na gudu sosai, mai dogon bel mai faɗi, da katako mai ɗan laushi a ƙarƙashi saboda gwiwa, da moton da ba ya gajiya. Shi wannan sai ƙarti sun taru kafin su ɗaga shi. Na zuba tef ɗin awo da hotunan ƙaramin a jaka na tafi tasha.

Ranar Alhamis ce, jajiberin kasuwa, manyan motocin shanu har sun fara cika hanya. Damina ta yi tsakiya, kogi ya cika ya batse, masu kifi suna bin motoci a bakin gada. Na sauka na hau babur zuwa Sabon Gari. Gidan babba ne, mai jan ƙyaure. A ƙofar gida har lokacin ana ganin ramukan da aka kafa rumfar zaman makoki, amma ko akuya babu a wurin. Na yi sallama har na fara tunanin ko ba kowa, sai na ji an zare sakata.

Ita da kanta ta buɗe. Hajiya Uwani, doguwa, siririya, ta haura sittin, cikin hijabi toka-toka, ba kwalli ba lalle. Na durƙusa na gaishe ta.

"Hajiya, ya ƙarin haƙuri?"

"Alhamdu lillahi, 'yata."

"Allah ya jiƙan Malam, ya sa ya huta."

"Amin, amin. Shigo daga ciki."

Abin da na fara lura da shi shi ne tafiyarta. Daga zaure zuwa falo sai da na ɗaga ƙafa kafin na cim mata. Gidan fes, ko tsinke babu a ƙasa, ga shiru har kana jin ɗigar famfo. Na tambaye ta su wa take zaune da su. Ta ce 'ya'yanta uku ne, babban yana Fatakwal, mata biyun suna gidajen mazajensu, ɗaya a Abuja ɗaya a Sakkwato. Bayan sadakar bakwai kowa ya koma. Akwai wata maƙwabciya, Baba Laure, da ke zuwa taya ta kwana, gari na wayewa ta koma wurin jikokinta. Ba ta kama sunan babban ɗan nata ba ko sau ɗaya, sai dai ta ce "na Fatakwal".

Na fito da hoton na miƙa mata. Ta sa tabarau ta dube shi da kyau.

"Wannan gudunsa ya kai ina?"

"Ai na tafiya ne, Hajiya. Ki hau ki riƙa takawa a hankali, kamar za ki unguwa."

Ta miƙo mini hoton. "To ba nawa ba ne. Zo ki gani."

Ta kai ni tsakar gida. Akwai bishiyar lemo a tsakiya, da tankin ruwa a gefe. Sai na ga wata 'yar hanya ta zagaye su, ƙasar wurin ta daddaɓe ta yi sumul kamar turbar masu zuwa rijiya.

"Ni na yi ta," in ji ta. "Tun da aka watse nake zagaye nan bayan asuba. Amma taku kaɗan sai bango, sai in juya, taku kaɗan sai bango. Gwiwar hagu ta fara yi mini ƙorafi saboda juyin. Ni gudu nake yi, 'yata, ba tafiya ba."

Ta ce in zauna in ci abinci tukuna. Ta kawo shinkafa da wake cikin kwano wanda mutum uku ba za su cinye ba, ta ce in yi haƙuri, hannunta bai koyi girkin mutum ɗaya ba har yanzu. Ina ci tana ba ni labari.

Tun tana makarantar kwana ta 'yan mata take gudu, har ana ɗaukar ta zuwa gasa a wasu garuruwa. Da ta gama sai ta zama malamar wasanni da motsa jiki, a nan ta yi aiki har ta yi ritaya. Muddin tana koyarwa ba wanda ya ga baƙonta, don tana gudu ne a filin makaranta tare da ɗalibai. Ranar da ta ajiye aiki filin ya tafi. Mijinta, malamin gona ne shi ma mai ritaya, ya ga ta fara zama shiru, ta rame, ba ta barci. Wata asuba ya ce ta ɗauko takalmanta. Yana da gona a hanyar Darki. Ya kai ta wata turba da ke bi tsakanin gonaki, ya sauke ta, ya ce ta je. Ita tana gudu a gaba, shi yana biye a tsohuwar motarsa a hankali, rediyo a kunne. Idan sun kai wata tsamiya sai ya danna hon sau ɗaya, ta juyo.

"Manoma sun gan mu, sun yi ta kallo da farko. Amma sun ga mijina a bayana. Wa zai yi magana? A unguwa kuwa cewa ake gona muka tafi. Ko yaran ba su sani ba, shi ya ce a bar shi tsakaninmu, kada su ce ya bar uwarsu tana tsere a daji." Ta yi ɗan murmushi, sannan murmushin ya tafi. "Ba takabar ce damuwata ba, wannan za ta ƙare. Amma in ta ƙare, wa zai bi ni a baya? Tsohuwa gwauruwa tana gudu ita kaɗai a hanyar gona, ai kafin rana ta fito an ce Uwani ta zare."

Na ajiye cokali na ɗauko tef. A ƙa'ida, mai sayen babban inji yakan zo shago ya hau mu gani. Ita ba ta da halin fita, don haka na yi abin da aka koya mana idan haka ta faru. An yi ruwa da dare, ƙasa da laushi. Na ce ta yi gudu daga bangon nan zuwa wancan yadda ta saba. Ta shiga ɗaki ta fito da wasu tsofaffin kambas da wando mai kauri a ƙarƙashin zane, ta cire hijabin ta ɗaure ɗankwali. Da ta tashi, sai na ga kamar an sauya mace. Kafaɗa a sake, kai a miƙe, ƙafa tana sauka ba ƙara. Na durƙusa na auna tsakanin sawu da sawu. Ba sai na sake aunawa ba. In ta hau ƙaramin nan ta buɗe ƙafa haka, taku na farko zai jefar da ita ta baya. Matsakaicin ma zai takura ta. Babban ne nata.

Sai maganar inda za a ajiye shi. Falon rufinsa gajere ne, ga fanka, ita kuma doguwa, in ta hau inji za ta ƙara tsawo. Ɗakinta gado da kabet sun cinye. Tsakar gida ba a ajiye inji, ruwa da rana za su kashe shi. Na nuna wata ƙofa da ke rufe a gefen falo, na ce wancan fa?

"Ɗakin Malam ne. Tun da aka fitar da shi ban shiga ba. Ba za ki iya aunawa ta taga ba?"

"Ba zai yiwu ba, Hajiya."

Ta kwance makulli daga bakin zaninta ta ba ni, ta koma ta zauna a kujera ta juya wa ƙofar baya. Na shiga ni kaɗai. Ƙamshin turarensa yana nan. Hularsa a kan gado, tabarau a kan teburi kusa da rediyo, takalman gona a bayan ƙofa da busasshen taɓo a jiki. Na yi awona a hankali, ina kaffa-kaffa kada in taɓa komai. Idan aka matsar da gadon jikin bango, injin zai shiga, har a sami filin da muke bari a baya saboda tsautsayi. Tagar tana kallon wani darbejiya.

Wuta kuwa, sola suke da ita, amma inbatar ƙarama ce, ba za ta ja babban moto ba. Akwai janareto mai makulli a bayan gida. Ta ce Malam ne yake tayar da shi, ita ba ta taɓa ba. "Amma in kin nuna mini zan iya," in ji ta. Na nuna mata. Ta murɗa ya tashi, ta kashe, ta sake murɗawa.

Washegari na kai wa Manaja rahoto. Bai ji daɗi ba.

"Saratu, soket na ce ki dubo. Wanda ya biya shi ne mai kaya, abin da ya ce shi za a kai."

"Ranka ya daɗe, amma ba shi zai hau ba. In muka kai ƙaramin, ko dai ta ƙi hawa, ko ta hau ta faɗi. Duk wanda ya faru sunan shagon nan za a kama."

Ya sosa kai ya ce in kira injiniyan da kaina, shi ba ruwansa.

Na kira shi. Mutum ne mai ladabi, ya saurare ni har na gama, sannan ya ce, "Malama, ko dai gida kika ɓata? Mama ce za ta yi gudu?"

Na ce abin da na auna ke nan.

"Ba tsadar ce ta dame ni ba, wallahi. Ni so nake ta ɗan taka ƙafa, jininta ya sauka. Na rasa ɗaya, kina so in sayi abin da zai ɗauke mini ɗayar? In ta faɗi a kai wa zai ɗaga ta? Gidan nan ba kowa da rana."

Na yi masa bayanin igiyar tsaro, wadda ake maƙalawa a riga, mutum na zamewa ta fizge injin ya tsaya.

"Igiya tana kai mutum asibiti?"

Gaskiya ya faɗa. Labarin hanyar Darki yana bakina, amma ba nawa ba ne, ba ni da hurumin ba shi. Na ce, "Yallaɓai, ka kira ta ka tambaye ta inda suke zuwa da mahaifinka bayan asuba. Abin da kuka yanke shi za mu yi. Kuma a ƙa'idarmu, mai irin shekarunta da hawan jini ba ma kai masa babban inji sai likita ya amince."

Aka kwana biyu ban ji daga gare shi ba, har Manaja ya fara yi mini kallon wadda ta kori ciniki. Sai ga kiransa. Muryar ba irin ta ranar ba ce.

"Malama Saratu, duk shekarun nan na ɗauka gona suke zuwa." Na ji yana jan numfashi. "Ku kai mata babban. Amma da sharaɗi biyu, kuma ta yi mini alkawari. Likita zai duba ta. Sannan ba za ta taɓa hawa ba sai da mutum tare da ita."

Likita ya duba ta, ya yarda da gudu matsakaici, ya ce in ta ji jiri ko nauyi a ƙirji ta sauka nan take. Baba Laure kuma ta yarda ta riƙa jira har Hajiya ta gama kafin ta tafi gida.

Ranar da muka kai, Malam Isiya direba da masu ɗauka suka shigar da shi, suka matsar da gadon, Hajiya tana kicin ta rufo ƙofa. Da suka fita na ɗaure notuna, na daidaita bel ya tsaya a tsakiya, na zuba masa mai, na jona sitabilaiza. Sannan na kira ta.

Ta daɗe a tsaye a bakin ƙofar. Ba injin take kallo ba. Can ta yi bisimilla ta shigo, ta ɗauki hular da ke kan gado, ta kaɗe ta, ta sa a cikin kabet ta rufe. Sannan ta ce, "To, nuna mini."

Na maƙala mata igiyar, na kunna a mafi ƙanƙantar tafiya. Ta damƙe ƙarafan gefe da hannu biyu kamar mai tsallaka kogi a kan gungume. Kowa haka yake farawa, ƙasa ce take tafiya a ƙarƙashinka, jiki bai saba ba. Na ce ta daina kallon ƙafarta ta kalli taga. A hankali ta saki hannu ɗaya, ta saki ɗayan. Ta ce in ƙara. Na ƙara. Ta ce in ƙara. Ina tsaye a gefenta hannuna kusa da maɓallin tsayarwa, sai ta ce, ba tare da ta dube ni ba, "Koma bayana, 'yata."

Na koma. Daga nan nake ganin fuskarta a gilashin tagar. Hawaye ne ke zuba, ba sauti, ƙafafun kuma ba su yi kuskure ko sau ɗaya ba. Da ta gaji ta rage da kanta yadda na nuna mata, ta sauko ta zauna a bakin gadon.

Na ce akwai agogo a jiki, ana iya saita shi ya yi ƙara idan lokacin tsayawa ya yi.

"A'a. Kada ki sa. Ba na son wani abu ya yi mini hon."

Na dawo Kano da yamma. Ni a lokacin aurena bai daɗe da mutuwa ba, ina zaune a wani ɗaki a bayan gidan yayana a Hotoro. Na shiga na kunna fitila na zauna, takalmi ma ban cire ba sai da aka kira isha'i.

A ƙa'ida, bayan wasu watanni muna komawa duba inji, a ƙara mai, a ga ko bel ya karkace. Da na koma ta riga ta fita takaba, an yi girbi, kogi ya ja baya. Ta buɗe mini ƙofa, amma wannan karon ni nake rage tafiya don kada in wuce ta. Ƙafafunta sun ɗan kumbura. Na shiga ɗakin na tarar an lulluɓe injin da zani, zanin kuma ya yi ƙura.

"Hajiya, ya lalace ne? Me ya sa ba ki kira ba?"

"Lafiyarsa ƙalau. Laure ce ta tafi Gaya, 'yarta ta haihu, daga can kuma ciwon ƙafa ya kama ta, sun riƙe ta. Na nemi wata a unguwa, kowa da hidimarsa da asuba, masu yara 'yan makaranta ne. Ni kuma na yi wa na Fatakwal alkawari."

"Tun yaushe?"

"An kwana biyu." Ta shafa zanin. "Ya ce in koma wurinsa. Me zan yi a can? A ajiye ni a bene, in riƙa kallon ruwan sama ta taga. Nan aka kawo ni, nan kabarin Malam yake."

Na ce ta hau yanzu tunda ga ni. Ta hau, amma jikin ya yi nauyi, ba ta jima ba ta sauko. Na yi aikina, na zuba mai, na yi mata sallama. Ta raka ni har zaure, ta tsaya riƙe da ƙyauren har na sha kwana. A mota ina ta juya abin a raina. Na zaɓa mata injin da ya dace, na auna komai daidai, ga shi yana kwance a ƙarƙashin zani. Daga Hotoro zuwa Wudil ba tafiyar da zan yi kullum da asuba ba ce.

Bayan 'yan kwanaki, na idar da sallar asuba ina dafa shayi, wayata ta yi ƙara. Hajiya ce.

"'Yata, kin tashi lafiya? Injin nan ne nake jin kamar yana wata ƙara. Bari in kunna ki saurara."

Na ji tashin janareto daga nesa, na ji ta ajiye wayar a kan allon injin, na ji bel ya fara juyawa. Sai taku. A hankali da farko, daga baya ya ƙaru. Na kasa kunne sosai irin na ma'aikaciya, ina neman gogar bel ko kukan moto. Babu komai. Inji lafiyayye ne, da sawun mutum a kai, da numfashi. Shayina ya huce a hannuna. Can takun ya ragu, bel ya tsaya, ta ɗauki wayar tana haki.

"Kin ji wani abu?"

"Ban ji komai ba, Hajiya."

"Ni ma ban ji ba. Amma dai yau da mutum na hau, ko ba haka ba?"

Sai a lokacin na gane. Na ce, "Haka ne, Hajiya. Gobe ma ki kira, ƙarar takan ɓoye, sai an yi ta sauraro."

A ranar na kira Injiniya na gaya masa komai, don alkawarin nasa ne, ba zan taya ta zagaye shi ba. Ya ce in ta faɗi fa? Na ce na karɓi lambar mai gidan da ke kallon nasu, an kuma ba matarsa makullin ƙofa. In na ji takun ya yanke ba bisa ƙa'ida ba, ko na kira ta ba ta amsa ba, kafin minti ya cika suna ciki. Ya ce to. Ya ce ranakun da ba ya aiki shi zai riƙa ɗaukar kiran nata. Kuma ya cika, har 'yan'uwansa mata suka shigo ciki daga baya. Amma ranakun aiki nawa ne, har yau.

Manaja da ya ji, cewa ya yi wannan ba ya cikin garanti. Na ce na sani, ranka ya daɗe. Bai sake tayar da maganar ba.

Abin da nake so ku riƙe ke nan. A nan za a koya muku ƙarfin moto da tsawon bel da nauyin da kowane inji yake ɗauka, kuma dole ku iya, don kuskure a nan karaya ne. Amma ku sani, da wuya mutum ya sayi injin gudu alhali hanya tana buɗe a gabansa. Mafi yawan masu zuwa wurinmu wani abu ne ya rufe musu ita, ko kunya, ko tsoro, ko ciwo, ko mutuwa. Muna sayar musu da abin da za su hau su kaɗai a cikin ɗaki suna kallon bango. Don haka idan kun gama awon ɗaki da duba soket, kada ku naɗe tef ku fito. Ku tambaya wa ke gidan idan an hau. Amsar za ta gaya muku ko injin zai yi aiki ko zani za a rufa masa.

Hajiya tana nan a Wudil. Gwiwa ta fara karɓar haƙƙinta, yanzu sassarfa ta fi yawa a kan gudu. Ba ma wata hira, ni ina shirin fitowa aiki wayar tana kan teburi, ita tana can tana abinta. Ni ma ɗakin nawa ya rage faɗi da safe. Idan bel ya tsaya sai ta ɗauki wayar ta ce, "Na iso, 'yata."

Ni kuma in ce, "Sannu da hanya, Hajiya."